Salun, Wagon ko Mai Guntun Baya: Wace Mota Ce Ta Dace da Iyali?

Duk wanda ya shiga kasuwar motoci neman motar iyali, tambayoyinsa sanannu ne. Ta wace shekara ce? 'Yar Kwatano ce ko an yi amfani da ita a gida? Injin lafiya, giya lafiya? Tana shan mai? Dukkansu tambayoyi ne na hankali. Amma akwai guda ɗaya da ba kasafai ake tsayawa a kanta ba, alhali ita ce za ta riƙa bibiyar maigida kullum har ranar da zai rabu da motar: yaya ƙirar bayanta take? Mutum zai ƙirga miliyoyi ya sayi mota don ya ga irinta a ƙofar gidan maƙwabcinsa, sai ranar tafiya gida hutun Sallah ya gane cewa akwatin uwargida ba ya shiga but, ko kuwa yara uku sun matse a baya kowa da ƙunshi a kan cinya.

A da, irin wannan kuskure mai sauƙin gyara ne: a sayar a canza. Yanzu lamarin ya wuce nan. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta haura 1,000 a wurare da dama. Faɗuwar darajar naira kuma ta ninka farashin motocin da ake shigowa da su. Yawancin magidanta yanzu mota ɗaya za su saya su riƙe ta shekaru, ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta cefane, ita ce ta asibiti da dare, ita ce ta zuwa biki da ta'aziyya. Saboda haka zaɓen ƙira ya cancanci a zauna a yi masa lissafi.

Bambancin ukun

Salun ita ce motar da aka kasa gida uku: gaba na injin, tsakiya na mutane, baya na kaya. But ɗinta ɗaki ne mai zaman kansa, da murfinsa, gilashin baya kuma a kafe yake. Camry, Accord, yawancin Corolla da Fijo 406 da muka saba gani duk salun ne.

Mai guntun baya, wadda Turawa ke kira hacbak, an yanke mata wancan but ɗin da ya fito waje. Ƙofar bayanta tana ɗagawa sama tare da gilashin, wurin kaya da wurin zama ɗaki ɗaya ne, kujerar baya kuma tana kwantawa. Golf, Starlet, Yaris da Fijo 206 da 307 su ne misalanta a titunanmu. Renault 16 ta 1965 tana cikin na farko da suka kawo wannan ƙira ga motar iyali, amma Golf da Volkswagen ya fitar a 1974 ita ce ta yaɗa ta a duniya.

Wagon kuwa tana da tsawon salun da ƙofar mai guntun baya. An ja rufin ne har ƙarshen mota, sai wurin kaya ya zama dogo mai zurfi, mai faɗin baki. Fijo 504 da 505 da 406 duk sun zo da wagon, haka Passat da Avensis, da kuma Golf 3 wadda aka fara yi mata wagon a 1993.

Yadda tarihi ya shiga tsakaninmu da wagon

A wannan ƙasa ba da ido ɗaya ake kallon ukun ba, kuma dalilin yana da tarihi. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, 504 kuma ta zama motar da kowa ya sani. Salun ɗinta ita ce motar gwamnati, ta sakatare da darakta da alƙali. Wagon ɗinta mai kujeru layi uku ita ce ta cika tashoshi, tana jigila daga Kano zuwa Kaduna, daga Jos zuwa Maiduguri, ita ce kuma motar ɗaukar marasa lafiya a asibitoci da yawa. Da zamaninta ya wuce, Golf 3 wagon ta gaje ta a tasha. Daga nan tunani ya kafu cewa salun ta manya ce, wagon ta haya ce, mai guntun baya ta samari ce ko ta Hajiya.

Har yau za ka ji dillali yana kawar da mai saye daga wagon da cewa, “Haba Alhaji, wannan ai ta direbobin tasha ce, ga wadda ta dace da girmanka can.” Alhaji kuwa sai ya bi, ko da wagon ɗin ce ta fi dacewa da gidansa. Abin lura shi ne, direban tasha bai zaɓi wagon don ado ba. Mutum ne da abincinsa ya rataya a kan yawan abin da mota za ta ɗauka da ƙarancin man da za ta sha, kuma lissafinsa ya kai shi ga wagon. A Jamus da Suwidin ma wagon motar mutunci ce ta iyali, Mercedes da BMW da Volvo duk suna ƙera ta. Ƙyamar da muke yi mata ta al'ada ce, ba ta da tushe a ingancin motar.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hanya mafi adalci ta kwatanta ukun ita ce a ɗauki mota ɗaya da aka yi ta a ƙira uku. Corolla da aka fara sayarwa a Turai a 2019 ta ba da wannan dama. Mai guntun bayanta tsawonta mita 4.37 ne, but ɗinta lita 361. Salun ɗin mita 4.63, but lita 471. Wagon ɗin mita 4.65, but lita 598. Haka abin yake a Golf 7: mai guntun baya lita 380, wagon lita 605, idan an kwantar da kujerun baya kuma ta farko ta kai lita 1,270, ta biyu 1,620.

Abu biyu ne suka fito fili a nan. Na farko, wagon da salun kusan tsawonsu ɗaya, bambancin santimita biyu ne kacal a Corolla, amma wagon ta ɗara da lita 127. Wato duk garejin da salun ta shiga, wagon ma za ta shiga. Na biyu, tazarar da ke tsakanin mai guntun baya da wagon ta kai lita 237, ta fi cikin durom guda na lita 200.

Sai dai yawan lita ba shi ne ƙarshen magana ba, bakin but ma abin dubawa ne. But ɗin salun yana da zurfi amma bakinsa ƙunci ne. Jakunkuna da buhuna za su shige, amma kawo ƙaramin firji, ko fanka mai tsayawa, ko keken ɗinki da teburinsa, ko keken guragu na dattijuwar gida, ka ga yadda ake juya shi dama da hagu ana neman kusurwar da zai bi, daga ƙarshe a bar murfin a buɗe a ɗaure da igiya. Mai guntun baya, duk da ƙanƙantarta, tana haɗiye irin waɗannan kaya da zarar an kwantar da kujera. Matsalarta ita ce ba ta haɗa biyu a lokaci guda: ko mutane a baya, ko manyan kaya. Wagon ce kaɗai ke ɗaukar mutum biyar da kayan mutum biyar ba tare da an ɗora wa kowa a cinya ba.

A duba wurin ƙafa ma. A waccan Corolla, tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya milimita 2,640 ce a mai guntun baya, 2,700 a salun da wagon. Wannan santimita shida a gwiwar wanda ke zaune a baya take bayyana. Yaro ɗan firamare ba zai ji ta ba, amma matashi mai tsayi ko surukar maigida a tafiyar awa biyar za su ji.

Kujera biyar ce, ko wacce ka saya

Ga gaskiyar da ya kamata kowane magidanci ya fara da ita kafin komai: salun, wagon da mai guntun baya, yawancinsu na zamani, kujera biyar ce da bel biyar. Wagon ta ƙara wurin kaya ne, ba ta ƙara wurin zama ba. Waccan 504 mai layi uku an ƙera ta ne da kujerun tun daga masana'anta, yawancin wagon na yanzu ba haka suke ba.

Wannan magana tana da nauyi a wurinmu, don gidajenmu masu yawa ne. Sau nawa ake ganin yara uku ko huɗu a zaune a but ɗin wagon ko Golf, fuskokinsu manne da gilashin baya suna ɗaga wa motar da ke bin su hannu? Abin yana ba da sha'awa ga wanda bai sani ba. Wanda ya sani kuwa gabansa faɗuwa yake. Wannan sashe na mota an ƙera shi ne don ya lotse idan an buge ta daga baya, ya shanye ƙarfin karon kafin ya isa ga masu zama a kujera. Babu bel a wurin, babu abin riƙewa, ƙofar kuma tana iya ɓallewa. Duk wanda ya zaunar da ɗansa a but ya ajiye shi ne a daidai inda aka tanada don ya murƙushe. Wanda iyalinsa suka wuce biyar, kuma yana son su riƙa fita tare, ya bar wannan muhawara gaba ɗaya ya nemi Sienna ko Sharan ko wata mai layi uku, ko da za ta fi shan mai. Ran yaro ya fi litar fetur.

Nauyi ma haka yake. Yalwar wuri tana ruɗin mutane su ɗauka wagon ƙaramar a-kori-kura ce. Motocin wannan aji, nauyin da aka yarda su ɗauka yana tsakanin kilo 400 zuwa 550 ne, har da mutanen da ke ciki, kuma ana rubuta iyakar a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Manya biyar masu kilo 70 sun cinye kilo 350. Abin da ya saura bai wuce buhun shinkafa ɗaya zuwa huɗu masu kilo 50 ba. Wanda ya dawo daga ƙauye da iyalinsa da buhun masara biyu da jarkar manja, ya ga bayan motar ya durƙusa hancinta ya ɗaga, to birki ya ƙara nisa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, tayoyin baya suna zafi, shakazoba da sifirin kuma suna mutuwa a hankali. A wannan fage wagon ba ta fi salun da wani abin kirki ba.

Inda salun ta yi fice

Adalci ne a faɗi cewa farin jinin salun ba na banza ba ne, musamman a yanayinmu. Raba but da ɗakin zama yana da amfani huɗu.

Na farko, wari. Jarkar fetur ta janareta, tukunyar gas, kifi, daddawa, kaji masu rai da aka ba ka a ƙauye, duk a salun suna bayan bango. A wagon da mai guntun baya kuwa tare kuke shaƙar iska ɗaya, kuma tururin fetur a rufaffiyar mota haɗari ne ga ƙananan yara.

Na biyu, sirri da tsaro. Abin da ke but ɗin salun ba mai ganinsa. Wanda ya ajiye mota a bakin kasuwa da jakar kwamfuta a baya ya fi samun kwanciyar hankali. Sauran biyun suna zuwa da murfi ko labulen da ake ja a rufe kaya, amma motocin da suka sha hannu galibi an daɗe da yar da shi, ga kuma gilashi da dutse ɗaya ya ishe shi.

Na uku, birki na gaggawa. Idan mota ta tsaya farat ɗaya, duk abin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da tafiya da gudun da motar take yi. Tukunyar gas ko akwatin da aka jibge sama da kan kujera a wagon zai taso ya sami ƙeyar yaran da ke baya da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa. Mai wagon dole ya koyi lodi: mai nauyi a ƙasa, a jingine da bayan kujera, kada komai ya wuce tsayin kujerar sai da raga ko shinge.

Na huɗu, zafi da ƙura. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, iyakwandishan ɗin wagon yana da babban ɗaki da ƙarin gilashi da zai sanyaya, na salun kuwa ɗan ɗaki ne. A hunturu kuma, iskar da ke murɗawa a bayan mota mai miƙaƙƙen baya tana kwaso ƙura ta manna wa gilashi, shi ya sa ake yi wa wagon da mai guntun baya waifa a baya, salun ba ta buƙata. Idan robar ƙofar baya ta tsufa, ƙurar har ciki take shiga, tare da hayaƙin salansa. Tafiya da wannan ƙofa a buɗe saboda kaya sun yi tsawo tana jawo hayaƙin kai tsaye ga masu zama a baya, abin da ke sa ciwon kai da jiri, wani lokaci fiye da haka. Ƙarar tayoyin baya da ta kaya ma ta fi shigowa, shi ya sa salun ta fi shiru a doguwar tafiya.

Mai, lungu da hanya

Mutane da yawa suna ɗauka wagon mashayiyar mai ce saboda girmanta. Idan injin ɗaya ne, nauyin da ta ɗara 'yar'uwarta da shi na 'yan kilo gommai ne, bai kai na fasinja biyu ba, bambancin shan mai kuma kaɗan ne. Abin da ke yanke hukunci shi ne injin: filogi huɗu ko shida, girmansa, lafiyarsa, da ƙafar direba. Camry mai filogi shida za ta fi Golf wagon mai filogi huɗu shan mai nesa ba kusa ba. Mai guntun baya ta yi suna da tsimin mai ne saboda yawanci ƙaramin injin ake sa mata.

Inda mai guntun baya ta yi zarra da gaske shi ne cikin gari. Wanda ke zaune a tsohon birnin Kano ko Zariya ko Katsina, inda lungu ke da ƙunci kuma babu gareji sai ƙofar gida, ya san darajar kusan santimita 30 da aka rage. Juyawa ta fi sauƙi, kuma direba ya san inda motarsa ta ƙare, don gilashin baya shi ne iyakarta. Wagon ma tana da wannan, salun ce ke ɓoye but ɗinta ga mai komawa da baya. Ga wanda bai daɗe da koyon tuƙi ba, wannan sauƙi ne babba.

A hanyar ƙauye kuma, abin dubawa shi ne yawan jikin mota da ya wuce tayar baya. Salun da wagon suna da jela mai tsawo, ita ce ke dukan ƙasa idan an gangara kwalbati ko an haura tudun rage gudu da lodi. Mai guntun baya ba ta da wannan matsala sosai. Duk da haka, tsayin mota daga ƙasa ya danganta ne da samfurin, ba da ƙira ba, gara a durƙusa a leƙa a gani da ido.

Kasuwa da ranar sayarwa

Kasuwarmu ta karkata ga salun, kuma wannan ma yana da dalili. Camry da Accord da Corolla da suka cika titunanmu yawancinsu daga Amurka suke, inda wagon ta daɗe da rasa kasuwa. Wagon da mai guntun baya galibi daga Turai suke zuwa. Sakamakon haka, injin da giya ba matsala ba ne, tunda iri ɗaya ne da na 'yan'uwansu, amma fitilar baya, gilashin baya, bamba da ƙofar wagon na samfurin da bai yaɗu ba suna iya sa mutum ya zaga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna bai samu ba, sai an aika Ladipo a Legas. Kafin a biya kuɗi, a tambayi bakanike da mai kayan gyara, su ne suka san abin da ke kasuwa.

Ranar sayarwa kuma salun ta Toyota ta fi saurin samun mai saye. Wagon tana da nata masu sayen, direbobin haya, sai dai wannan kaifi biyu ne: wagon da aka yi amfani da ita a gida tana iya kasancewa ta shekara tana ɗaukar lodin tasha kafin a yi mata fenti. A duba ko bayanta ya zauna, a ɗaga shimfiɗar but a nemi walda da tsatsa, a saurari ƙarar ƙafar baya a kan gargada. Akwai kuma 'yan tsakiya irin su Toyota Matrix da Pontiac Vibe, waɗanda aka gina a kan ƙashin Corolla: sun fi mai guntun baya yalwa, ba su kai wagon tsawo ba, kayan injinsu kuma a wadace suke. Karɓuwar da suka samu a wurinmu shaida ce cewa mutane suna son amfanin wagon, sunan ne kawai ba sa so.

To wacce za a saya?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ga yadda lissafin yake. Sabbin ma'aurata, ko masu yaro ɗaya ko biyu ƙanana, da zirga-zirgarsu ta cikin gari ce kuma wurin ajiye mota ya yi ƙunci, mai guntun baya ta ishe su, kuma za ta rage musu kuɗin mai. Wanda yawan tafiyarsa ta babbar hanya ce, kayansa jakunkuna ne, yana yawan ɗaukar manya ko baƙi, yana son shiru da sanyi da sauƙin sayarwa, salun ce tasa. Magidanci mai yara uku da ke zuwa gida a kai a kai, ko mai ƙaramar sana'a da motar gida ce ke ɗauko masa kaya, ko wanda ke jinyar dattijo mai keken guragu, wagon ce ta fi biya masa buƙata, kuma a ganina ita ce motar da iyalai da yawa suka fi buƙata amma kunya ta hana su saye.

A auna da makon yau da kullum, kada a auna da tafiyar da ake yi sau ɗaya a shekara, don wannan ana iya aika kayanta ta tasha. A ƙirga kawuna kafin a ƙirga lita. Ranar duba mota kuma kada maigida ya tafi shi da dillali kaɗai. Ya tafi da uwargida da babban yaro, da akwatin da aka saba tafiya da shi, a zauna a baya a ɗaura bel, a sa kayan a rufe but a gani. Idan an sami motoci biyu, ɗaya mai ƙirar da ake so amma ta gaji, ɗaya mai ƙirar da ta ɗan gaza amma lafiyarta ƙalau, a ɗauki lafiyayyar, sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Abin da ba za a yi sassauci a kansa ba guda ɗaya ne: kowane mutum da zai shiga motar ya sami kujerarsa da bel ɗinsa.